Taken Yaya Bawa

Mai kakin ya riga ya aza tsinin wuƙa bisa fatar gangar kahin in diro daga kan buhunan albasa. Wani shinge ne cikin daji, bayan mun ƙetare kogin Kwara mun shiga ƙasar Benin. Shina ta zuba Faransanci, ni ko kalma ɗaya ban ji, amma na gane so shike shi farke ta shi ga abin da niɓ ɓoye ciki. Nir riƙe mai hannu. Ban ma san na riƙe ba sai da nij ji mari, nig ga hulata a ƙasa.

Haruna direba, ɗan Maiyama ne, mutum mai tumbi da sanyin baki, yad diro shina ba masu kakin haƙuri. Daga baya yag gaya min abin da yac ce musu: wai ni taɓaɓɓe ne, dangi sunka haɗa ni da ganga don in daina dukan mutane. Sunka yi dariya. Sunka girgiza ta ba su ji komi ba, sai sunka ce to in kaɗa musu. Nit tsaya bakin kwalta da kunci a kumbure ina yi musu kiɗin ƴammata, su suna cin gasasshiyar masara, har sunka gaji sunka ɗaga muna ƙarhe.

Inda munka tsaya salla Haruna yad dube ni yac ce, “Ummaru, gangar ga, tsoho ya san ta hito?”

Nig girgiza kai. Yac ce dama ya sani, don duk ƙasar Jega ba wanda bai ji an rataye ta ba.

Babana makaɗin noma ne a Fagada. In ana gayya shi ka riƙe ganga, ni ina gehenai da kazagi, ɗan ƙaramin abin kiɗin nan da ka riƙe ma ganga ƙafa. Tun ina aji huɗu nib bar makaranta nib bi shi. Kowane manomin ƙwarai shina da takenai, kiɗin da anka yi don shi kaɗai. In ya ji shi, ko hura shike sha sai shi aje ƙwarya. In kuma ya duƙa bisa kuyya ana takenai, ba shi ɗaga kai sai ganga ta yi shiru. Haka munka ishe ana yi.

Yayana Bawa shi ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kama sunanai ba, sai “kai” ko “wancan”. Ko ido ba su cika haɗawa ba. Da ganga ɗai shike kiranai. Shi yay yi mai taken da hannunai, kuma duk gari an san in Baba na taken Bawa, huskatai na sakewa wani iri.

Damanar da anka ba mu jihar Kebbi anka yi wata babbar gayya a Alelu. Bawa ya kwana biyu da zazzaɓi, Inna tac ce kada shi tahi, amma an ce wani gwanin noma za shi zo daga Liba. Rana ta take, sunka jera, Baba yas saki taken. Bawa yak kai ƙarshen kuyya yaj juyo, yak kai yas sake juyowa. A ta nawa ne ban sani ba, yak kihe bisa galmatai. Ba a kai Jega da shi da rai ba.

Bayan addu'ar bakwai Baba yar rataye gangar a zaure, yac ce gaban kowa, “Taken ga ya bi mai shi. Wanda duk yak kaɗa shi, ko cikin ɗiyana ne, kada shi sake tako zauren ga.” Daga nan bai sake zancen ba. Bai sake zancen komi ba sosai, sai shi wuni zaune shina kallon tahin hannunai. Ni na kasa zaman gidan. Da anka cire albasa nis sauke gangar nib bi motocin Aliero. Niyyata in yi kiɗi inda ba a san mu ba, in koma da abin kirki, shi yahe min ɗaukar ganga. Wanga shina iya yahewa. Kaɗa taken ne na san ba shi yahewa, kuma ban taɓa zaton hannuna za shi kai can ba.

A Kwatano anka sauke kaya. Haruna yac ce in hau mu koma, shi da kainai za shi shiga shi ba tsoho haƙuri. Niƙ ƙi. Yab bar min bargonai da ɗan garin rogo a leda, yac ce ƙafata ce ka ƙaiƙayi, Allah shi sa in dawo da ita.

Kwana huɗu bayan nan wani mai kwat da jaka yas same ni bakin kasuwa. Shina jin Hausa kaɗan-kaɗan, yac ce in riƙa ce mai Manaja. Wai shina da ƴan bandi, ganga irin tawa ce ɗai ba su da. Yak kai ni cikin jirgin ruwa wani ƙauye inda ake bukin mutuwa, irin nasu da ake rawa ana shaye-shaye. Ba bandi ba alamar bandi, ni kaɗai ne. Kwana ukku ina kiɗi har yatsuna sunka fashe, duk abin da anka liƙa min shi ka kwashewa, wai aje min shike. Rana ta huɗu da sahe nin nemi Manaja, wani yan nuna min ruwa da baki. Har bargon Haruna ya tahi da shi.

Lome na shige ta rabi da ƙafa, rabi bayan motar gawayi. Can nig gane bakin teku ba shi son ganga. Iskar wurin jiƙaƙƙa ce, fata sai ta saki, ka buga ka ji kamar ka bugi katifa. Ni ma na saki. Zazzaɓi yak kada ni bayan rumfar wata tsohuwa mai koko, ba ta jin Hausa, ni ban jin yarenta. Ba ta kore ni ba. Kullum da sahe sai ta turo min kwano da ƙafa, kamar ba ta so a ga tana yi, tana ta zuba min faɗa. Ita tag ga ina taɓa fatar ina girgiza kai, taj jawo gangar ta aje kusa da murhu, tana juya ta kamar mai gasa kihi. Da fatar tay yi tauri nib buga sau ɗaya, tac ce “Ehen,” tak koma ga tukunyarta. Sati biyu niy yi nan. Har nib bar garin ban san sunanta ba, ita kuma Ganga take ce min.

Abin da ka kashe ni a garuruwan ga warin albasa ne. Duk kasuwar da nish shiga sai hancina shi kai ni wurinta, in tsaya ina duba ɗinkin bakin buhu, don na san ɗinkin mutanen Aliero. In na gani sai in aza hannu in yi tsaye kamar wawa, har mai kaya shi tambaye ni in saye za ni yi ko sata.

Ankara, babban birnin Gana, nan niz zauna. Da rana dako a kasuwar albasa, ranar Lahadi kiɗin suna ko na aure cikin zango. Wurin wani suna ne wani tsoho mai malafar Turawa yat tsaya kaina har nig gama. Sunanai Sule. Da can ya yi busa a bandin soja, irin ƙahon ƙarhen nan mai lanƙwasa. Kakanai daga ƙasarmu yaz zo, shi bai taɓa ganinta ba. Da nib buɗe baki yay yi dariya har da tari, yac ce rabon da shi ji “munka” da “sunka” tun kakan na da rai. Ina ce mai Kawu, shina ce min Ɗan Kabi. Shi yab ba ni wurin shimfiɗa tabarma a barandar gidanai, matatai na zuba min dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da barkonon da ka sa ni hawaye, shi kuma shina ce ma maƙwabta ya samo baƙauye mai kuka in ya ga abinci.

Wata rana yac ce akwai wata Baturiya mawaƙiya, Marta, ta zo yin faifai, tana neman makaɗan da ba su san juna ba. Nit tambaye shi wace waƙa za mu koya. Yac ce ba koyo. Nic ce to wa za a yi ma waƙar, sarki ko attajiri? Yac ce ba kowa.

“Kawu, kiɗin da ba shi da mai shi, wa za shi tashi in an yi?”

“Kai dai taho, Ɗan Kabi. Akwai shinkafa da rana.”

Ɗakin ba taga, an manna katifu a bango, sanyi kamar cikin randa. Mu shida ne. Akwai mai gita, wani dogon ɗan Gana, wanda ba shi kaɗa ta wada anka saba, sai shi goga mata kwalba ko sukudireba ta riƙa kuka kamar injin niƙa ya ci dutse. Akwai Bature mai gangunan bandi, shina jan sarƙa bisa farantan ƙarhe. Akwai mai babbar gita mai gurnani. Kawu da ƙahonai, ni da gangata. Sai Marta, ƴar ƙarama, kai a aske kamar namiji, ba takalmi. Rok suke ce ma irin kiɗin, amma Kawu yac ce ko masu rok ɗin in sun ji wanga gudu za su yi.

Dokarta guda ce, Kawu yaj juya min da Hausa. In jar wuta ta kama, kowa shi saurari ɗan'uwanai, shi yi abin da yaz zo mai. Ba a tsayawa, ba a gyara, ba a maimaitawa. Abin da yah hito shi ke nan.

Kwana biyun farko na ɗauka mahaukata ne. Sai Marta ta fara da raɗa, sai ta yi ƙara kamar an taka ta, sai dariya, sai ta kama kalma ɗaya ta yi ta tauna. Ni ina ɗan bin su da kiɗin buki ina jiran shinkafa. Amma a hankali kunnena yaf fara kama wani abu. In na sassauta, mai gita na sassautawa. In na bar rami, ƙahon Kawu na shiga ciki. In na yi wasa da gehen fata, Marta na juyowa ta maida min da murya. Tun da nib bar gida ba wanda yas saurare ni haka, kuma na ji daɗinai, ba ni ƙarya.

Rana ta ukku bayan azahar, wuta tak kama, ba wanda yat taɓa komi. Shiru yay yi tsawo. Sai Marta tas saki wata murya ƙasa-ƙasa, ba kalma ciki, irin wadda mata ka yi cikin ɗaki in an hita da gawa. Ban yi niyya ba, Allah ya sani. Gula, sandar kiɗina, taf faɗa bisa fata, kahin in farga na riga na buɗe taken Yaya Bawa. Na so in tsaya, amma mai gurnani ya kama ƙafar, mai sarƙa ya shigo, gita ta hau bisa tana ihu. Kuma take ba a yanke shi tsaka, hannuna bai ma san wada ake yi ba. Nir ruhe ido nig ga kuyya. Nik kai ƙarshe nij juyo, nik kai nis sake juyowa. Ban san tsawon da munka yi ba. Da nib buɗe ido rigata ta jiƙe, Marta na zaune ƙasa tana share huska, mai gita yaz zo yar rungume ni. Suna ta murna. Ni nih hita waje niy yi amai bakin kwata.

Nic ce ma Kawu shi gaya ma Marta a goge wanga, kiɗin shina da mai shi. Tac ce ba komi, a faɗi sunanai ta rubuta bisa kwalin faifan, a kuma aika mai da haƙƙinai. Nic ce ya mutu. Sai tat tambayi wada yam mutu. Nib ba da labari Kawu na juyawa, har maganar da Baba yay yi a zaure. Ta yi kuka, kuma ba na ƙarya ba ne. Amma da tad dawo ga magana sai tak kira mai inji shi yi bayani. Wai ɗaki guda munka yi kiɗin, gangata ta shiga makirfon kowa, har na bakinta. Ba a iya cire ni sai an zubar da duka.

Nic ce to a zubar, mu sake wani, in yi musu kwana goma kyauta. Tac ce wanga ba shi sakuwa, ko mun wuni muna gwadawa ba shi dawowa. Shi taz zo nema tun daga ƙasarsu, kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, mutum shida sunka yi shi. Nid durƙusa mata gwiwa biyu. Kawu yaɗ ɗaga ni da ƙarhi yac ce, “Tashi, Ɗan Kabi. Ba ta san mi kake yi ba, kunya ɗai kake ba ta.”

A hanya shina ta lallashina. Wai wa za shi sayi wagga hayaniya, ko a Ankara ba mai saurarenta balle Fagada, tsohona har shi bar duniya ba shi ji. Nic ce ai ni na ji. Da wane baki za ni yi sallama a zauren?

Wanshekare anka kira mu mu saurara. Ban so zuwa ba, Kawu yaj ja ni, wai ƙila in ta sake ganina ta yi taushi. Ni ban taɓa jin kiɗina daga waje ba, kullum ina cikinai. Anka kunna. Ga taken nan tsab ƙarƙashin duk ihun, kamar Baba na bayan bango. Muna cikin ji Kawu yad dafa min gwiwa shina murmushi, don shi ɗan saki min rai.

“Ji nan. Duk in ka zo juyawa sai ka ƙara wuta. Ga shi kuma. Hannunka gudu gare shi, Ɗan Kabi, jiya ka kusa tsinka min numfashi. Wanda duk ka bin ka dole shi yi gudu.”

Nis sa kunne. Gaskiya ne. Kowace juyawa sai in ƙara, ɗan kaɗan, wanda mai yi ba shi ji. Ta farko da ta ƙarshe ko kama ba su yi ba. Ta ƙarshe ba mai galmar da ka iya bin ta ko da lahiyatai lau. Kuma duk su biyar sun bi ni, ba wanda yaj ja baya, don wanda yar riƙe ƙafar kiɗi shi ake bi. A Alelu kazagi ne yar riƙe ƙafa, kuma ni ke da kazagi.

Kawu yad dubi huskata, murmushin yaɓ ɓace. Anka kashe injin. Ban sake roƙon Marta ba.

Bayan sati tat tahi da zaren da anka ɗauki kiɗin. Ta sallami kowa wada tac ce, ba ta cuci kowa ba, har nir rasa wanda za ni ji haushi. Ta bar min kaset guda, waƙar ce farko, ta rubuta Bawa a jiki da manyan baƙaƙe. Ban sani ba ko faifan ya hito, ban sani ba ko wani ya saya.

Wata biyu kaset ɗin na cikin aljihuna. Na daina zuwa suna da aure, don in na ɗauki gula sai in riƙa sauraren hannuna kamar mai gadin ɓarawo, kiɗin shi ƙi zama. Dako ɗai nike yi. Rannan ina kasuwa nig ga motar Haruna, wanga karo har Ankara anka ba shi kaya. Yad dube ni sama da ƙasa yac ce a kai ni Fagada haka ko kare ba shi gane ni. Nit tambayi gida. Yac ce tsoho na nan, ya rame, ko gona ba shi hita, kuma bai taɓa tambayar ganga ko mai ɗaukarta ba. Inna ce ka aikawa gareji duk ranar da motoci sunka dawo.

Nit tahi wurin Kawu na ari rakodatai. Nil liƙe ramin kaset ɗin da salatif, nim maida shi farko, nid danna jan maɓallin ɗaukar magana. Da nig gama nib ba Haruna shi tare da gangar, nic ce shi sa a hannun Inna, shi aro musu rediyo mai kaset. Ga abin da nic ce ciki:

“Salamu alaikum. Baba, Ummaru ne. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da kowa. Ina Ankara, lahiyata lau. Ga ganga nan na maido.

“Baba, na kaɗa taken. Ba wanda yas sa ni. An ɗauka a inji, ya tahi ƙasar Turawa, na roƙa a goge an ƙi. Na san abin da kac ce. Ban zo neman ka janye ba, kuma ba ni takowa sai ka aiko.

“Abin da yas sa nike magana wani ne. Na ji hannuna cikin injin. Gudu nike in an zo juyawa, kuma ban taɓa sani ba. Ranar Alelu ni nij ja kiɗin, kai bi na kay yi. Kada ka ƙara ɗaukar abin ga kai kaɗai. In kuma tun ranar ka sani, kay yi shiru don ni, to yanzu ni ma na sani.

“Maganata ta ƙare nan. Na shahe farkon kiɗin da muryata, amma sauran shina nan, yanzu za shi shigo, don ka ji da kunnenka ba ƙarya nike ba. In ba ka iya ji, Inna ta kashe yanzu.”